Littafin bashin da ke bin BVN ɗinka: yadda lamunin karatu da sauran basussuka ke fitowa a rahoton bashi

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Tudun Wada, ba nisa da Kadpoly, kuma tun da aka buɗe fotal ɗin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai lamunin karatu, a watan Mayun 2024 kusan kullum sai an shigo min da maganar lamunin karatu. Yaro zai shigo da takardar JAMB a leda, NIN a rubuce bayan hannu, ya ce "Yaya, a cike min na kuɗin gwamnatin nan." Mu yi ta cikewa har mu zo wajen ƙananan akwatuna guda biyu da ake dannawa kafin a tura, ɗaya na sharuɗɗa ɗaya na abun da ake ce wa GSI, wato izinin a cire kuɗin bashi daga akawun ɗinka in ka gaza biya, toh a nan ne nake ɗaga hannu daga kan maus in ce masa ka karanta tukunna. Wallahi yawancinsu amsa ɗaya ce, "Yaya danna kawai, ai kowa ma dannawa yake." Wannan dannawar ce ta sa na zauna rubuta wannan bayanin, saboda na ga abun da irinta ta jawo a cikin gidanmu.

Ƙanina tela ne, hannunsa na da kyau sosai, kuma ya daɗe yana burin sayen injin surfani na kwamfuta don ya daina kai aiki waje. Ya tara rabin kuɗin, ya je wani banki a Yakubu Gowon Way neman cikon sauran. Ya kai duk takardun da aka nema, aka ce ya dawo bayan sati. Da ya koma ma'aikaciyar ta juyo masa da fuskar kwamfutarta ta ce, "Malam, ai akwai bashi a kanka da ba ka biya ba." Ya rantse bai taɓa cin bashin bankinsu ba. Ta ce ba namu ba ne, ta nuna masa layin da yatsa: ga shekarar 2020, ga adadin, ga kwanakin da suka wuce ba a biya ba. Sai a lokacin ya tuna. Lokacin korona wani ejan ya zo unguwa yana cike wa mutane fom, ya ce tallafi ne ba a biya, ya karɓi BVN, kuɗi suka shigo, ya cire kasonsa ya yi gaba. Ƙanina ya sayi yadi da buhun shinkafa ya manta da zancen kwata-kwata. Ya dawo shagona ranar ya zauna a kan benci ya fi minti goma bai ce komai ba, da ya buɗe baki abun da ya tambaye ni shi ne, ta ina wannan bankin ya san abun da ya faru a wani bankin?

Amsar tambayarsa ita ce rahoton bashi, wanda 'yan banki ke cewa kiredit rifot. Ka san littafin nan na mai shagon unguwa, inda yake rubuta gidan wane sun ɗauki sukari da taliya za a kawo ƙarshen wata? Toh ka ƙaddara duk masu shagunan Kaduna, daga Kawo har Sabon Tasha, sun haɗu sun ce littafi ɗaya za mu dinga amfani da shi, kafin kowa ya ba ka ko ashana bashi sai ya buɗe shafinka ya ga yadda ka yi da na baya. Abun da bankuna suka yi kenan. A Najeriya kamfanoni uku ne Babban Banki ya ba lasisin riƙe wannan littafin: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Su ba sa ba da bashi kuma ba sa karɓar bashi, aikinsu tattara labari ne kawai daga bankunan kasuwanci da maikurofainans da sauran masu ba da lamuni, su jera shi ƙarƙashin sunanka. Dokar da ta tsaya musu ita ce ta 2017, wadda Osinbajo ya sa wa hannu yana muƙaddashin shugaban ƙasa. Ban da su kuma shi kansa Babban Bankin yana da nasa rumbun da ake kira CRMS. Sannan ƙa'idar Babban Banki ta ce kafin banki ya ba ka bashi ya duba rahotonka daga aƙalla biyu cikin kamfanonin nan, kenan ba wai ma'aikaciyar ce ta ga dama ta binciki ƙanina ba, dole ne a kanta.

Igiyar da ta ɗaure komai ita ce BVN. Kafin 2014 mutum zai ci bashi a nan da suna Musa Ibrahim ya koma can ya zama Ibrahim Musa, shikenan an rabu. Yanzu lambobi 11 ne da zanen yatsunka, ko ka canza layi, ko ka tashi daga Rigasa ka koma Zariya, ko ka rufe akawun ɗin gaba ɗaya, lambar na nan inda take.

Me ake gani in an buɗe shafin? Daga sama bayananka ne, suna, ranar haihuwa, adireshi da lambobin wayar da ka taɓa bayarwa. Daga nan sai basussukan, kowanne da layinsa daban. A kowane layi za ka ga wanda ya ba ka, irin bashin, ranar da aka ba ka, nawa ne asali, nawa ya rage, sai kuma gurbin da ya fi kowanne nauyi, wato kwana nawa biyanka ya yi jinkiri. Mutane sun ɗauka girman kuɗin ake kallo, alhali halinka wajen biya ake karantawa. Mai bashin miliyan 5 da ke biya a kan lokaci shafinsa ya fi na mai bashin dubu 15 da ya yi shekara bai waiwaya ba kyau nesa ba kusa ba. A ƙa'idar Babban Banki bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya fita daga sahun lafiyayyu. Daga kwana 90 zuwa 180 mataki ɗaya ne, daga 180 zuwa 360 ana sa shi a sahun wanda ake kokwanton dawowarsa, in ya haura 360 kuma sai a rubuta shi a matsayin asara. Kuma dan Allah a fahimci wannan, don a nan mutane da yawa ke ruɗewa: in banki ya rubuta bashinka a matsayin asara a lissafinsa ba yafe maka ya yi ba, har gobe kai ake bi, kuma wannan kalmar ita ce mafi muni da za ta zauna a gaban sunanka.

Akwai wasu abubuwan da ke shiga da ba a cika tunawa da su ba. In ka tsaya wa wani garanto yana iya fitowa a shafinka, in ya ƙi biya ƙurar ta shafe ka. Cekin da ka rubuta aka dawo da shi don babu kuɗi a akawun shi ma ana kai rahotonsa. Haka duk wanda ya nemi rahotonka ana rubuta cewa ya nema, don haka in ka bi wurare bakwai cikin wata ɗaya kana neman bashi, na takwas zai ga sawunka ya san a matse kake. Daga duk waɗannan ne ake fitar da maki, wanda a CRC yake tsakanin 300 zuwa 850, yawan makinka yawan yardar da za a yi da kai.

Sai GSI, akwatin nan da yara ke cewa in danna kawai. Rahoton bashi ido ne, yana gani yana ba da labari, amma GSI hannu ne. Babban Banki ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agustan 2020, kuma ma'anarsa ita ce ka amince tun farko cewa in ka gaza biya, wanda ke binka zai iya bin BVN ɗinka ya ɗebi kuɗinsa daga duk wani akawun naka a wasu bankunan. Shi ya sa za ka ji mutum yana kuka an turo masa kuɗin jari a wani banki daban da safe, kafin azahar alat na cirewa ya shigo, ya rasa daga ina. Ba 'yan damfara ba ne, wata takarda ce da ya sa wa hannu shekaru uku baya bai karanta ba.

Yanzu mu dawo kan lamunin karatun kansa. Ni fa ba na cikin masu cewa kar a karɓa. Duk wanda ya ga yadda yara suka dinga ajiye karatu bayan ƙarin kuɗin makarantun jihar nan a 2021, ko bayan ragin da aka yi a 2023 har yanzu akwai gidajen da kuɗin rajista ke gagara, ba zai raina wannan shirin ba. Dokar farko ta 2023 ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, har da kawo masu tsaya maka da iyakar kuɗin shigar iyali, sai aka soke ta aka yi sabuwa wadda Tinubu ya sa wa hannu ranar 3 ga Afrilun 2024, aka cire waɗancan. Babu kuɗin ruwa, wanda a wajenmu nan ba ƙaramar magana ba ce. Kashi biyu ne, kuɗin makaranta da ake tura wa makarantar kai tsaye, da kuɗin kashewa naira 20,000 a wata da ke shigowa akawun ɗin ɗalibi. Biya kuma sai shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na albashi ko na abun da kake samu in sana'ar kanka kake yi. Wanda bai samu aiki ba doka ta ba shi damar neman a ɗaga masa ƙafa, wanda ya rasu kuma an yafe.

Amma sunansa lamuni, kuma da BVN da NIN aka ɗaure shi. Abun da na lura shi ne yara ba sa lissafin taruwarsa, saboda kaɗan-kaɗan yake shigowa. Mu ɗauka a misali kana karɓar dubu 20 ɗin nan na wata 10 a shekara, dubu 200 kenan, a shekara huɗu dubu 800. Mu ce kuɗin makarantarka dubu 100 ne a shekara, ƙarin dubu 400. Ka fito da digiri da bashin miliyan 1 da dubu 200. In Allah ya ba ka aikin da ake biyan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kashi 10 ɗinsa dubu 7 ne, raba ka gani, ya haura wata 170, sama da shekara 14 kenan kana biya. Ba na faɗa don in tsorata kowa ba, kuma dubu 7 a wata ba ta kashe mutum, amma wanda ya san wannan lissafin ba zai karɓi kuɗin kashewar don sayen data da canza waya ba alhali a gidan iyayensa yake kwana yana cin tuwo. Na sha gaya wa yara cewa ba dole ba ne sai ka nemi duka biyun, za ka iya tsayawa a na makaranta kawai. Sannan cikin abubuwan da ke hana mutum samun lamunin akwai in an tabbatar ya taɓa cin bashin wata cibiyar kuɗi mai lasisi ya ƙi biya, kenan ɗan dubu goman da ka ara a waya kana aji shida na sakandare zai iya tare maka hanya.

Namu sabo ne, ba a kai lokacin biya ba ma tukunna, don haka in ana son ganin yadda irin wannan bashin ke zama a rahoto bayan shekaru sai a leƙa inda suka daɗe da shi. A Amurka mutum sama da miliyan 40 ne gwamnatin tarayya ke bi bashin karatu, kuɗin ya haura dala tiriliyan 1.6. Su ma kamfanoni uku ne manya, Equifax, Experian da TransUnion. Can bashin yana bayyana tun kana makaranta, da alamar cewa lokacin biya bai yi ba, kuma wannan ba ya ɓata maka suna. Wani abun da ke firgita waɗanda suka fara duba rahotonsu shi ne sau da yawa kowane karɓa layinsa daban, wanda ya karɓa kowane zango sai ya ga basussuka shida ko takwas a jere alhali shi a ransa bashi ɗaya ne. In yana biya lafiya, layuka takwas ne ke masa shaida. In ya tsallake kuma, tabo takwas ne a lokaci ɗaya. Bayan gama makaranta ana ba da wata 6 na numfashi, in jinkiri ya kai kwana 90 a kai rahoto, in ya kai 270 a ce ya gaza gaba ɗaya, daga nan gwamnati na iya cire har kashi 15 cikin 100 daga albashinsa ba sai ta je kotu ba. Tabon kuma shekara 7 yake yi kafin ya goge. A lissafin makin FICO da suka fi amfani da shi, tarihin biya kaɗai kashi 35 ne cikin 100, yawan abun da ake binka kashi 30. Kuma can ba bashi kawai makin ke tarewa ba, har mai gidan haya dubawa yake kafin ya ba ka makulli.

Abun da ya faru da su bayan korona darasi ne a gare mu kai tsaye. An dakatar da biya daga Maris 2020 har zuwa Oktoban 2023, sama da shekara uku, sannan aka ƙara musu shekara guda da ba a kai rahoton jinkiri. Mutane suka saba da shiru, wasu suka ɗauka ma za a yafe. Da aka dawo da kai rahoto a 2025 miliyoyin mutane suka ga makinsu ya faɗi warwas. Wannan shirun shi nake ji wa yaranmu tsoro, shekara huɗu ko biyar na karatu, shekara ɗaya ta bautar ƙasa, shekara biyu na jira, kusan shekara takwas ba wanda ya ce maka uffan, a lokacin an canza layi sau uku, imel ɗin da aka yi rajista da shi ma a shagon wani aka buɗe shi an manta faswod.

Ingila kuma nasu daban ne, bashin karatu na gwamnati ba ya fitowa a rahoton bashi sam, daga albashi ake cirewa kaman haraji, kashi 9 cikin 100 na abun da ya haura wani ma'auni, in an kai wasu shekaru ba a gama ba a share sauran. Duk da haka in ka je neman bashin gida za a tambaye ka, tunda yana rage abun da ke shigowa hannunka. Namu ya ɗauko cirewa daga albashi irin nasu, ya haɗa da BVN da GSI irin namu.

Akwai wani ɓangaren da ke ci min rai. Ɗan kasuwa a Kasuwar Bacci ko Panteka zai yi shekara ashirin yana ɗaukar kaya bashi daga Kano da Legas yana mayarwa ba a taɓa jin kansa da kowa ba, mace za ta yi shekaru tana zubin adashi ba fashi ko sau ɗaya, amma in aka buɗe shafinsu fayau yake, babu komai, saboda littafin nan abun da ya bi ta banki kawai yake gani. Amanar da ta riƙe kasuwanninmu ba ta da gurbi a ciki. Kuma shafin da babu komai ba shi ne shafi mai kyau ba a idon banki, cewa za su yi ba mu san shi ba. A nan ne ma nake ganin duk bashin da ka riga ka ci ta hanyar hukuma, ƙarami ne ko babba, in ka biya shi a kan lokaci ya zame maka shaida. Masu gudun riba su ma su sani, in ka sayi babur ko firiza ta bankin da ba ya mu'amala da ruwa irin su Jaiz ko TAJ, biyan nan na wata-wata bashi ne kuma ana kai rahotonsa kaman kowanne. Rubuta bashi dai ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kansa ta sauka.

Su kuma manhajojin bashi na waya, masu ba ka dubu biyar cikin minti uku, mutane na cewa ai na goge af ɗin na cire layin. Goge shi bai goge komai ba in mai shi yana aika rahoto, kuma da yawa daga masu rajista suna aikawa. Barazanar da wasunsu ke yi ta tura wa 'yan uwanka saƙon cin mutunci kuwa ba ta cikin doka, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta daɗe tana yaƙi da hakan kuma a can ake kai ƙorafi, amma rashin mutuncinsu bai sauke maka asalin kuɗin da ka karɓa ba. Sai masu ba da aron BVN, aboki ya ce ara min in karɓi wani abu ni zan biya, ko saurayi ya karɓi na budurwa, ko ɗa ya yi da na mahaifiyarsa da ba ta karatu. A littafin nan babu gurbin "ai ba ni na ci ba", mai lambar shi ne mai bashin.

Rahoton kansa yana iya yin kuskure, kuma yana yi. Ka biya bashi tas amma wanda ya ba ka bai sabunta bayanin ba, ko a rubuta abu ɗaya sau biyu, ko wani ya ci da bayananka ba ka sani ba. Doka ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, kuma kai ka duba naka ba ya rage maka maki. Zai fi kyau ka duba a fiye da kamfani ɗaya don ba lallai abun da ke wannan ya kasance a wancan ba. In ka ga abun da ba daidai ba ka rubuta ƙorafi ga kamfanin da kuma wanda ya kai rahoton, ka haɗa da rasit ko sitetiman, in an yi biris da kai akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna a Babban Banki. Duk ranar da ka gama biyan wani bashi kar ka bar wajen sai ka nemi takardar shaidar cewa ba a binka komai, ka ɗauki hotonta ka tura wa kanka a imel. Amma ka sani biya ba ya goge tarihi nan take, layin zai koma an biya an rufe, jinkirin da aka yi kuma zai zauna, don doka ta ce a riƙe bayanan aƙalla shekara 6. Duk wanda ya ce ka kawo dubu kaza zai wanke maka BVN, irin ejan ɗin da ya cuci ƙanina ne ya canza riga.

Shi ƙanin nawa abun da muka yi, mun fitar da rahotonsa a nan shagona, muka bi sunan bankin da ke layin muka je ofishinsu, ya nemi a faɗa masa ainihin abun da ya rage, aka raba masa biya wata-wata. Kuɗin injin da ya tara ya taɓa wani abu a ciki, Hajiya ma ta sayar da tunkiyarta ɗaya ta ƙara masa duk da ya ce ta bari. Saura biya biyu ya gama, in ya karɓi takardar za mu jira wata ɗaya ko biyu mu sake fitar da rahoton mu ga ko an gyara layin kafin ya koma neman na injin. Surfanin dai har yanzu Kasuwar Bacci yake kaiwa a yi masa.